Batirin da ba ya kaiwa asuba: nazarin wata motar zama a hamadar Arizona

Mai motar da kayan da ya tarar a cikinta

Dattijo ne Bahaushe da ya haura shekara 65, ya shafe sama da shekara 20 yana tuƙin tirela a Amurka kafin ya ajiye sitiyari. Aminin mahaifina ne, shi ya sa nake ce masa Baba. A shekarar 2021 shi da Hajiya suka sayi motar zama ta hannu, irin wadda Amurkawa ke kira RV: gaba mota, baya ɗaki mai gado da murhun gas da makewayi, tsawonta wajen mita 7. Shekarar farko a sansanonin kuɗi suka riƙa sauka, inda ake jona mota da wutar gari, don haka ba a taɓa gwada ƙarfin baturan da ke cikinta ba.

A ƙarshen 2022 suka yanke shawarar yin hunturu a Quartzsite, wani ƙaramin gari a yammacin Arizona inda babbar hanyar I-10 ta haɗu da hanya mai lamba 95. Duk hunturu motocin zama dubbai ke cika hamadar da ke kewaye da shi. Hukumar BLM mai kula da filayen gwamnatin tarayya tana ba da izinin zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, a lokacin kan dala 180. Akwai wurin ɗiban ruwa da na zubar da shara, amma babu wutar lantarki ko ta sisin kwabo. Kowa da abin da ya zo da shi. Baba ya so garin tun ranar da ya ga kabarin Hajji Ali, wani makiyayin raƙuma da sojojin Amurka suka kawo daga Gabas ta Tsakiya a 1856, ya rasu a can a 1902, aka gina masa ɗan dala da siffar raƙumi a kai.

Kayan wutar motar su ne: baturan darma guda biyu, kowanne bolt 12, Ah 100, fanel ɗin sola na wat 400 kwance a kan rufi, tsohuwar kwantirola (mai daidaita wutar da ke shiga batir daga fanel) irin ta PWM, inbata mai wat 2,000, janareta, da firji mai aiki da batir wanda tsohon mai motar ya saka. Akwai kuma abu ɗaya da ya sa maganar ta wuce ta jin daɗi. Baba yana da larurar ɗaukewar numfashi a cikin barci, da na'urar CPAP mai tura masa iska yake kwana, kuma dole ta yi aiki tun daga kwanciya har tashi.

Kafin su taso ya yi lissafinsa a takarda. Ah shi ne yawan amp da batir zai iya bayarwa a awa. Idan aka ninka shi da bolt sai a sami Wh, wato wat-awa, ma'aunin wutar da aka sha. Ya haɗa firji da fitilu da CPAP da cajin waya, ya sami kimanin Wh 1,000 a rana. Baturansa kuwa 200 sau 12, Wh 2,400. A ganinsa har da rara.

Disamba 2022: wuta tana ɗaukewa kafin asuba

Tun makon farko abin ya fara. Wajen ƙarfe 4 na dare inbata takan yi ƙara ta mutu, mitar bango tana nuna bolt 11.8 ko ƙasa, CPAP ta tsaya cak. Baba yakan farka yana haki, ya wuni da ciwon kai, Hajiya kuma ta daina barci mai nauyi don sauraron numfashinsa.

Abu biyu ne lissafin takarda bai ɗauka ba. Na farko, batirin darma ba a shan fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko, don haka Wh 2,400 ɗin nan a aikace 1,200 ne. Na biyu, ranar hunturun Arizona ba irin wadda muka sani ba ce. Quartzsite yana kan digiri 33 da ɗoriya arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Disamba dare yakan kai awa 14, kuma da tsakar rana ma rana ba ta wuce tsayin digiri 33 daga ƙasa. A Kano ko a tsakiyar hunturu ba ta sauka ƙasa da digiri 54. Fanel da ke kwance a rufi a karkace haske ke dukansa, saboda haka wat 400 ɗin ba sa tara fiye da Wh 1,000 zuwa 1,100 a wuni.

Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu 2023: janareta safe da yamma

Maganin farko da ya gwada shi ne tayar da janareta awa ɗaya da safe, awa ɗaya kafin magariba. Kwana kaɗan abin ya ɗan lafa, daga baya ya dawo, har ya fi da muni.

Batirin darma yana karɓar caji da sauri har wajen kashi 80 cikin ɗari, daga nan sai ya riƙa sha kaɗan-kaɗan, ragowar takan ci awanni. Awa ɗaya ta janareta ba ta kai shi ko'ina. Batirin da ke kwana yana tashi bai cika ba kuwa, gishirin darma yakan daskare a jikin farantansa, ƙarfinsa ya riƙa raguwa ba dawowa. Ga kuma wani hali nasa da Bajamushe Wilhelm Peukert ya bayyana tun 1897: Ah 100 da ke rubuce a jikinsa sai an ja shi a hankali, amp 5 na tsawon awa 20, ake samunsa, da zarar an ɗora masa kaya mai nauyi, abin da zai bayar ya ragu. Shi ya sa maikirowef ba ta taɓa tashi a kan baturan ba, sai an kunna janareta.

A tsakiyar Fabrairu aka gwada su a wani shago, biyun a haɗe ba su kai Ah 90 ba. Wani maƙwabci ya ba da shawarar a ƙaro biyu sababbi a haɗa da tsofaffin. Baba ya ƙi. Kowanne yana da nauyin wajen kilo 28, motar tana da iyakar kayan da za ta ɗauka, kuma tsohon direba ya san tsohon batir yana jan sabo ƙasa.

Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris 2023: litiyam guda ɗaya

Sai ya sayi batirin litiyam guda ɗaya, Ah 100, nau'in LiFePO4, wanda ake yi da ƙarfe da fosfet. Ayarin John Goodenough a Jami'ar Texas ne suka fito da wannan haɗi a 1997, kuma shi aka fi sakawa a motocin zama saboda ba ya saurin kama wuta kamar litiyam ɗin waya da kwamfuta. A lokacin kuɗin irinsa yana kamawa daga wajen dala 300 zuwa sama da 800, ya danganta da kamfani. A cikinsa akwai ƙwaya huɗu, kowace bolt 3.2, jimilla 12.8, wato Wh 1,280, kuma ana iya shan kusan duka. Nauyinsa wajen kilo 12. Mai shagon ya ce guda ɗaya ya tsaya a madadin darma biyu, kuma ta fuskar yawan wuta gaskiya ya faɗa. Baba ya ajiye shi a akwatin waje da ke ƙarƙashin matakala, inda tsofaffin suke.

Makonnin farko an ga canji. Rana ta fara tsawo, batirin yana shan duk abin da fanel ya ba shi, darare da yawa CPAP ta kai safiya.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris. A filin an hana hayaniya daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, don haka ba damar janareta da sahur. Hajiya ta saka abinci a maikirowef, ta danna. Daƙiƙa kaɗan motar gaba ɗaya ta yi duhu, har fitilu da firji. Kowane batirin litiyam yana da ɗan allon da ke gadinsa, BMS, mai yanke wuta idan an ja fiye da kima, kuma iyakar wannan amp 100 ce. Maikirowef da aka rubuta wa wat 1,000 tana jan wajen 1,500 daga soket. Idan aka bi ta inbata da asararta, amp 130 ke nan daga batir. Wuta tana nan a ciki, ƙofar fitarta ce ta yi kaɗan. Sahur ya koma kan murhun gas.

A cikin watan ne kuma mitar bango ta fara ruɗa shi. A batirin darma bolt yana faɗar gaskiya daidai gwargwado: 12.7 cike, wajen 12.2 rabi. Litiyam kuwa yakan tsaya tsakanin 13.3 da 13.0 a mafi yawan tafiyarsa, sai dab da ƙarewa ya faɗo lokaci guda. Baba yakan ga 13.1 bayan tarawihi ya kwanta da kwanciyar hankali, ƙarfe 3 wuta ta ɗauke. Tsohuwar cajar motar, wadda ke aiki da janareta, ita ma bolt 13.6 take bayarwa, alhali litiyam yana son 14.2 zuwa 14.6 kafin ya cika da wuri, ƙwayoyinsa su daidaita.

15 da 16 ga Afrilu 2023: hanyar Flagstaff

Ranar da izininsu ya ƙare suka nufi dajin Coconino kusa da Flagstaff don gudun zafin hamada. Sun taso batirin kusan babu komai a ciki. Ba a yi rabin awa ba Baba ya ji warin roba. Ya tsaya ya duba, ya tarar wayar da ke kawo caji daga altaneta zuwa batirin ɗaki ta yi zafin da ba a iya riƙe ta. Batirin darma da kansa yake taƙaita abin da yake sha. Litiyam da ya yi yunwa yana zuƙar duk abin da ya samu, ko waya ta ƙone ko altaneta. Ya cire wayar, suka ci gaba.

Flagstaff yana kan tsayin wajen mita 2,100, sanyin darensa a Afrilu yakan sauka ƙasa da sifili. Washegari ma'auni ya nuna digiri 4 ƙasa da sifili. Rana ta fito tas, amma kwantirola tana nuna babu abin da ke shiga batir. Ƙarfe 9 ya kira ni.

"Ɗana, batirin nan naku na zamani ya mutu tun bai yi wata biyu ba."

"Baba, a taɓa jikinsa a ji. Da sanyi?"

"Kamar ƙanƙara."

"To da ransa, Baba. Kare kansa yake yi. A bar shi ya ɗumama."

Wajen ƙarfe 10 da rabi caji ya fara shiga. Litiyam yana iya ba da wuta a cikin sanyi, amma idan aka tura masa caji ƙasa da sifili, ƙarfen litiyam yakan kwanta a jikin farantin ƙwayar, ɓarnar da ba ta gyaruwa. Allah ya taimaka BMS ɗin wannan yana da kariyar sanyi, don ba kowane mai araha ke da ita ba. Sai dai an yi asarar awannin rana uku da wani abu.

22 zuwa 28 ga Afrilu 2023: mako guda na awo

Bayan ƙaramar salla na je. Kwana 14 kawai ake yarda a zauna wuri ɗaya a dajin, saura mako guda ke nan. Ban zo da batir ba. Na zo da ɗan ƙarfen awo da ake kira shant, wanda ake sakawa a wayar nagatif ta batir ya riƙa ƙirga kowane amp da ya shiga ko ya fita. Muka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya muna rubutawa, sannan muka bar su su yi zamansu yadda suka saba, Hajiya tana rubuta jimilla kowace safiya. Daren Flagstaff a Afrilu bai kai na Disamba tsawo ba, amma ya fi na Quartzsite sanyi, don haka aikin hita ya zo kusan ɗaya.

Matsakaicin abin da suke sha a rana ya fito Wh 2,600, inda takarda ta ce 1,000.

Firji ya ci 550, kusan yadda Baba ya zata. Fitilu da famfon ruwa da cajin waya 200, talabijin da kwamfuta 200, maikirowef ta minti goma 270 (a lissafi, tunda batir ɗaya ba ya ɗaukarta), butar lantarki ta shayi 200. Sauran ukun ne ba su cikin lissafinsa ko kaɗan, ko kuma ya raina su. Hitar ɗumama ɗaki da gas take aiki, shi ya sa bai ƙirga ta ba, amma fankarta tana jan amp 7, kuma a daren sanyi takan yi jimillar awa huɗu tana juyawa: Wh 360. CPAP ya rubuta mata 100, amma da tukunyar ɗumama ruwanta, mai jiƙa iskar da take turawa, a kunne, kuma ta bi ta inbata, 350 take ci. Babbar ɓarauniyar ita ce inbata kanta. Ko babu abin da aka jona mata, wat 20 take sha don kawai tana kunne, kuma tun da suka sayi motar ba su taɓa kashe ta ba. Wat 20 sau awa 24, Wh 480, fiye da kashi ɗaya cikin uku na batirin, kullum, a banza. Baba ya daɗe yana kallon lambar kafin ya ce, "Gani ya kori ji."

Mayu zuwa Oktoba 2023: ragewa, lissafi, sannan saye

An fara da abin da ba ya cin kuɗi sosai. Aka sayo wa CPAP wayarta ta bolt 12 mai jonuwa kai tsaye da batir, aka rage ɗumin tukunyar bayan Baba ya tuntuɓi likitansa. Ta sauko zuwa 120. Aka saka wa inbata makunni kusa da murhu, ba a kunna ta sai za a yi amfani da ita. 480 ya koma wajen 50. Shayi ya koma kan gas. Jimilla ta sauko zuwa Wh 1,750.

A kan wannan lambar aka auna batir. Sharaɗin da Baba ya gindaya shi ne kwana biyu ba rana ba janareta, CPAP ba ta tsaya ba. Wh 3,500 ke nan. Aka bar kashi 10 cikin ɗari a matsayin ajiya, ya zama wajen 3,900. A raba da 12.8, Ah 304. Aka tsaya a 300, wato Wh 3,840. Sai tambaya ta biyu, wadda ba a yi ba a Fabrairu: amp nawa za a ja a lokaci guda? Inbata mai wat 2,000 idan ta ɗauki cikakken kaya tana iya neman amp 185. Batura uku masu Ah 100 a haɗe gefe da gefe, kowanne da BMS na amp 100, sun ba da 300.

Don haka batirin Fabrairu bai tashi a banza ba. Aka sayo biyu irinsa sak daga kamfani ɗaya, aka caja kowanne shi kaɗai har ya cika kafin a haɗa su, aka ja wayoyi masu tsawo ɗaya daga kowanne zuwa sandar tagulla don kada ɗaya ya fi sauran wahala. Daga sandar zuwa inbata waya mai kauri ce, lamba 2/0, da fiyus na amp 250 irin wanda ake kira Class T, don litiyam idan wayoyi suka haɗu yana sakin wutar da ƙaramin fiyus ba zai iya yankewa ba. Maganar sanyi kuwa da sauyin wuri aka warware ta. Litiyam ba ya fitar da iskar da batirin darma mai ruwa ke fitarwa, don haka aka shigo da su ukun ƙarƙashin kujerar cin abinci, inda ɗumin hita ke kaiwa. Ukun a haɗe wajen kilo 36 ne, ƙasa da darma biyun da aka cire.

Hanyoyin caji uku duk an taɓa su. Tsakanin altaneta da batura aka saka caja mai taƙaita wuta a amp 30, wadda a tafiyar awa uku take zuba wajen Wh 1,200 ba tare da waya ta yi zafi ba. Tsohuwar cajar janareta aka sauya da mai amp 55 da ke kaiwa bolt 14.4. A rufi aka ƙara fanel ya zama wat 600, da kwantirola mai amp 50 irin ta MPPT, wadda ta fi PWM tatso wuta daga fanel. Ɗaga fanel ɗin rufi ya fuskanci kudu zai ƙara wuta sosai a hunturu, amma Hajiya ta ce ba za ta yarda mai shekara 65 ya riƙa hawa rufin mota ba, kuma ta yi gaskiya. Sai aka sayi mai naɗewa na wat 200 da ƙaramar kwantirolarsa, wanda ake jinginawa a ƙasa ana juya shi yana bin rana.

Nuwamba 2023 zuwa Afrilu 2024: hunturu na biyu

Suka koma Quartzsite a Nuwamba. A ranakun da sama ta yi garau a Disamba, na rufi yana tara wajen Wh 1,650, na ƙasa wajen 900. Batura sukan cika kafin la'asar, da asuba mita takan nuna kashi 65 zuwa 70.

Jarrabawar ta zo a ƙarshen Janairu, da hadari ya rufe sama kwana uku a jere, fanel ba ya ba da fiye da Wh 500 a wuni. Safiyar farko kashi 69, ta biyu 36. Da yammar rana ta biyu mita tana kan 35, dare kuma yana cin wajen 31. Lissafi ya ce za a kai safiya da ƙyar, Baba bai yarda ya gwada da numfashinsa ba, ya tayar da janareta awa ɗaya da rabi, ya ƙara kashi 27. Haka ya sake yi a rana ta uku. Da rana ta dawo, sai da aka yi kwana uku da rabi kafin batura su sake cika. A duk kakar sau biyar aka kunna janareta don caji.

Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris. Maikirowef ta yi aikin sahur, kowane batir yana ɗaukar wajen amp 43. CPAP ba ta tsaya ko dare ɗaya ba. Da suka sake hawa Flagstaff a Afrilu, caji yana shiga tun fitowar rana.

Abin da nake gani

Sauya darma da litiyam daidai ne a wannan mota, saboda zamansu zama ne da batir ba ya samun cika kullum, kuma wannan shi ne abin da ke kashe darma, litiyam kuwa bai damu da shi ba. Amma sayen Fabrairu ya gaza ne don an yi shi a kan lamba ɗaya tak, Ah, alhali tambayoyin huɗu ne: nawa ake sha a rana, amp nawa ake ja a lokaci guda, me zai mayar da wutar, kuma a wane sanyi batirin zai kwana. Ta ukun ce ta fi ba ni tsoro idan na tuna, don wayar da ta yi zafi a hanyar Flagstaff da a hannun wanda bai san warin mota ba ne, da maganar gobara ake yi.

Abin da ya fi kowane saye amfani shi ne shant da makon awon nan. Wh 850 da aka rage daidai yake da kashi biyu cikin uku na batir guda a kowace rana. Da an auna batura a kan 2,600, da Ah 450 za a nema, kuma fanel ɗin da rufin zai iya ɗauka ba zai taɓa cika su a Disamba ba. Ina ganin ya kamata a ce tun Disamban farko aka saka shi, da dattijon bai yi wata huɗu yana farkawa cikin haki ba.

Har yanzu akwai rauni, kuma ba a batir yake ba. Rarar da fanel ke bari a ranar hunturu mai kyau Wh 800 ce kacal, shi ya sa farfaɗowa bayan hadari ta ɗauki kwana uku da rabi. Da wani hadarin ya biyo baya a cikin kwanakin, da janareta za a koma. Baba ya tambaye ni ko a ƙaro batir na huɗu. Na ce a bari, a sayi fanel na ƙasa na biyu mai wat 200, wanda zai ɗaga rarar zuwa wajen 1,700, ya mayar da kwanakin cikawa ƙasa da biyu.